Lambobi nawa amsar za ta ƙunsa? Tambayoyi da amsoshi kan ninkawa

Ɗaliban da nake koya wa lissafi da yamma a Tudun Wada, Kaduna, su ne suka yi ta jefo mini waɗannan tambayoyi.

Malam, ana iya sanin tsawon amsa tun ba a ninka ba?

Ƙwarai. Ka ƙirga lambobin adadi na farko, ka ƙirga na biyun, ka haɗa. Amsar ko dai ta kai wannan jimla, ko ta gaza da ɗaya, babu na uku. A ce mai shago a Kasuwar Barci ya sayi dila 48, kowace a kan naira 37,500. Lamba biyu da lamba biyar sun ba da bakwai, ke nan kuɗin lamba bakwai ne ko shida.

To yaya za a gane wanne ne?

Sai a yi kintace da lambobin farko. Mayar da 48 ta zama 4.8, ita kuma 37,500 ta zama 3.75, ka ninka su: idan sun kai goma, amsar ta kai jimlar, idan ba su kai ba, ta gaza da ɗaya. Kusan biyar sau kusan huɗu ya haura goma nesa ba kusa ba, don haka lamba bakwai ce: 1,800,000. Da dila 21 ya saya, 2.1 sau 3.75 bai kai goma ba, sai kuɗin ya tsaya a 787,500, lamba shida. Ina son ɗalibi ya saba da wannan, domin ranar da yatsa ya ƙara sifili a kalkuleta, shi ne zai fara cewa a sake dubawa.

Kintace yana kuskure?

Yana yi, idan an matso kusa da goma. 316 sau 316 ya ba da 99,856, amma 316 sau 317 ya ba da 100,172. A irin wannan gaɓa, ɗauki biro ka ninka.

Idan adadin ya fi ƙarfin allon kalkuleta fa, kamar 4¹⁶ × 5²⁵?

Nan ne na fi jin daɗin darasin. A farfasa kowane adadi har sai an isa ga waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, irin su 2, 3, 5, 7. Kowace 4 ai 2 sau 2 ce, saboda haka 4 guda 16 sun zama 2 guda 32. Ga kuma 5 guda 25. Duk inda 2 ta haɗu da 5 an samu 10, kowace 10 kuwa sifili ɗaya take ƙarawa a ƙarshe. Ka haɗa su bibbiyu, ka samu sifili 25, saura 2 guda bakwai da ba su da abokan haɗi. Ninka su, 128. Amsar ita ce 128 da sifili 25 a bayanta: lambobi 28.

Idan babu 5 ko ɗaya?

Ka riƙe cewa 2¹⁰ ita ce 1,024, ta ɗan ɗara dubu. Ke nan 2³⁰ ta ɗan ɗara biliyan ɗaya, lambobi goma. Sai dai ka lura da wannan 24, tana taruwa idan tafiya ta yi nisa.