Sati shida da a-kori-kura mai caji: ga amsar tambayoyin da kuke ta yi min

Yau sati shida kenan da na ɗauko Ford F-150 Lightning, a-kori-kura ce mai aiki da batir zalla, ba tankin mai ba salansa. Ta hannu ce, ƙirar 2023, mai babban batir. Ina zaune a Houston ta jihar Texas, sana'ata gyaran gidaje, fenti da tayil da aikin katako, don haka ni mota a wajena abar neman abinci ce, kullum tana ɗauke da kaya. Tunda na tura hotonta gida tambayoyi suke ta shigowa, wasu daga 'yan uwa a Kano wasu daga abokan aiki na nan, shi ne na ce bari in haɗa su waje ɗaya in amsa iya abin da na gani da idona.

Me ya kai ka siyan motar caji alhali kana ƙasar da fetur ba ya wahala?

Guguwa ce ta kai ni. Ranar 8 ga Yulin 2024 guguwar Beryl ta faɗo wa Houston, gidaje da shaguna sama da miliyan 2 suka rasa wuta, mu a layinmu sai da muka kwana huɗu a duhu, ga zafin Yuli na Texas wanda wallahi ko ɗan Sakkwato sai ya jinjina masa saboda gumi ne kawai ba iska, naman da ke firiza duk ya lalace muka zubar, yara ba barci, gidajen mai da suke da wuta kuma layi har titi. A cikin wannan halin akwai wani maƙwabcinmu dattijo da yake da irin wannan motar, ya ja waya daga bayanta zuwa cikin gida, firjinsa na aiki fankarsa na juyawa, har mu ma wajensa muke kai wayoyinmu caji. Tun ranar abin ya tsaya min a rai. Na daɗe ina tara kuɗi ina jiran farashin na hannu ya sauko, da ya sauko na shiga.

Ya tuƙinta yake? Ba ta da sanyin jiki?

Ƙanina ne ya yi wannan tambayar, shi a tunaninsa duk abin da ke aiki da batir kamar keken yara yake. Ƙanina, cire wannan a ranka. Motar nan tana da ƙarfin doki 580, injin lantarki biyu ne ɗaya a tayoyin gaba ɗaya a na baya, daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 daƙiƙa huɗu da 'yan kai take yi, kuma ka tuna fa nauyinta ya kai wajen tan 3. Ba jiran canjin giya, kana taka totur ƙarfin yake zuwa gaba ɗaya, ranar farko sai da na riƙa lallaɓa ƙafata.

Amma abin da ya fi kama ni shirun ne. Ba karkarwar inji, ba wari, da asuba in zan fita masallaci ba na tada kowa a layi, sai wani ɗan sauti da take yi in tana tafiya a hankali wanda doka ce ta sa dole a saka saboda masu tafiya a ƙasa da makafi su ji zuwanta. Sannan akwai tsarin tuƙi da ƙafa ɗaya, kana ɗaga ƙafa daga totur motar take rage gudu da kanta tana mayar da wannan ƙarfin cikin batir, yanzu a cikin gari sai in yi tafiya mai tsawo ban taɓa birki ba. Kwana biyu na yi na saba.

In ba inji a gaba to me ke cikin bonet?

But ne, kuma babba, lita 400, yana ɗaukar kaya har kilo 180, ga soket huɗu a ciki. Duk mai a-kori-kura ya san damuwar barin kayan aiki a buɗaɗɗen baya, ga ruwan sama ga masu ɗan hali. Yanzu injin huda bango da zarto da duk ƙananan kayana a gaba suke a kulle, batiransu na caji ina tafe. A wajena wannan kaɗai ya biya wani kaso na kuɗin motar.

Caji ɗaya kilomita nawa take yi?

Nan ne ya kamata mutum ya buɗe kunne da kyau. Batir iri biyu aka yi wa ƙirar 2023, ƙarami mai 98 kWh (kWh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) da babba mai 131 kWh, a takarda ƙaramin yana yin mil 240 babban kuma mil 320, wato wajen kilomita 515. A cikin gari, inda ake tsayawa ana tashi, ina samun kusan hakan. Amma in ka hau babbar hanya kana gudu 120 sai ka ga lissafin yana zubewa a gabanka, saboda gaban motar faffaɗa ne kamar bango, iska take turewa, kuma duk yadda ka ƙara gudu haka iskar take ƙara cin batir. Akasin motar fetur kenan wadda ta fi shan mai a cunkoson gari.

Daga Houston zuwa Dallas wajen mil 240 ne a kan titin I-45, a takarda ya kamata in je da ragowa mai yawa, da na gwada sai na ga in na ce zan shiga Dallas ba tsayawa to da ƙyar zan shiga, hankalina ba zai kwanta ba ga iyali a mota, sai na tsaya a hanya muka yi sallah muka ci abinci tana caji. Sanyi ma yana rage nisan, mu a nan bai cika tsanani ba amma wanda ke Minnesota ko Chicago ya saka wannan a lissafi. Kuma kullum ba na cika ta 100, a 90 nake tsayar da ita don lafiyar batir, sai in tafiya ce mai nisa.

A ina kake caji, kuma nawa yake ci?

A gida, kuma ina roƙon duk mai sha'awar irin wannan motar ya fara amsa wa kansa wannan tambayar kafin ya je kallon kala. Soket ɗin bango na Amurka mai ƙarfin volt 120 ne, in ka dogara da shi kwanaki za ka yi ba ta cika ba, sai dai ya ɗan ƙara maka na zuwa kasuwa. Ni na kira mai aikin wuta mai lasisi ya ja min layin 240 zuwa gareji aka kafa caja ta bango, in na dawo da yamma na jona kamar yadda nake jona waya, da safe na tarar da ita a shirye. Sati shida ban shiga gidan mai ba sai in zan sayi ruwa.

Kuɗi kuwa, ni a takardar wutata ina biyan wajen santi 15 a kan kowane kWh, ka ga cika batir daga ƙasa har sama bai wuce dala 20 da ɗan wani abu ba, kuɗin da a tsohuwar motata ko rabin tanki ba zai ba ni ba. Sai dai jihar Texas tun watan Satumban 2023 tana karɓar ƙarin dala 200 duk shekara daga masu motar lantarki wajen sabunta rajista, hujjarsu ita ce ba ma biyan harajin da ke cikin kuɗin fetur wanda da shi ake gyaran titi, kuma ni ban ga laifin wannan ba tunda muna hawa titin, motar ma ta fi sauran nauyi.

Wanda yake haya a bene, ba gareji, ba inda zai jona da dare, gaskiya ba zan ba shi shawarar ya saya ba. Zai ƙare a cajar kan hanya kullum, ita kuma tsadarta ta kai ninki uku na ta gida, ribar ta tafi kenan ga ɓata lokaci.

To cajar kan hanyar fa, awa nawa ake zama?

Ba a kai awa. Daga kashi 15 zuwa 80 wajen minti 40 ne in cajar mai ƙarfi ce, daga 80 zuwa sama kuma sai ta koma tafiyar hawainiya, shi ya sa ba a jiran ta cika, ka ɗauki abin da zai kai ka zango na gaba ka wuce. Tun farkon 2024 motocin Ford masu caji suka samu damar shiga tashoshin Tesla da wani ɗan mahaɗi da ake sawa a bakin wayar, wannan ya ƙara wuraren tsayawa sosai. Sau ɗaya na sha wuya, na isa wata tasha da kashi 12, caja huɗu biyu a mace ɗaya da mota a kai ɗayar kuma ta ƙi karɓar katina, na fi minti ashirin a tsaye gabana na faɗuwa. Daga ranar ba na barin ta sauka ƙasa da 20 a hanya, kuma kullum ina da tasha ta biyu a raina.

Tana jan tirela kuwa?

Ja kam tana ja, an ƙayyade mata har kilo 4,500 in tana da cikakken kayan ja, kuma ban taɓa jan tirela cikin sauƙi irin haka ba, na loda tayil da siminti a tirelata na hau gada ko nishi ba ta yi. Matsalar nisa ce. Da tirela a baya lissafina yana komawa kusan rabi, kuma haka abin yake a duk a-kori-kura mai batir, motar fetur ma shanta yana ƙaruwa da tirela sai dai ita minti biyar ka cika tanki. Ga kuma yawancin tashoshin caji an gina su ne kamar wajen fakin, ba a yi su don mota mai jela ba, wani lokacin sai ka kwance tirelar ka ajiye a gefe ka yi caji ka dawo ka ɗaura. Ni aikina duk a cikin Houston da kewaye yake, Katy, Sugar Land, Pearland, don haka bai dame ni ba. Amma wanda sana'arsa jan kaya daga jiha zuwa jiha ce, ya riƙe dizal ɗinsa tukunna.

Da gaske tana ba gida wuta?

Da gaske. Tana fitar da har 9.6 kW ta soket ɗinta, akwai na 120 da yawa akwai na 240 guda ɗaya a baya. Ku kwatanta da ƙaramin janareton nan na shago da ko 1 kW bai cika ba. Kamfanin ya ce babban batirin zai riƙe matsakaicin gida kwana uku, in an yi tattali har kwana goma, amma wannan sai an kafa wasu na'urori na musamman a gidan masu tsada. Ni hanya mai sauƙi na bi, mai aikin wuta ya sa min makunnin da ke raba gida da layin gari, na zaɓi firji da fitilu da fanka da intanet.

Sati biyu da suka wuce aka yi ruwa da iska wuta ta ɗauke tun magariba har wajen ƙarfe biyun dare, na jona, yara suka ƙarasa aikin makaranta, uwargida ta ƙarasa girki, ba ƙara ba hayaƙi, da safe na duba abin da ya ragu a batir kaɗan ne. Kuma akwai inda za ka saita mata iyaka, in ta kai nan ta daina ba gida don kar ka wayi gari ba na fita. A wajen aiki ma haka, gidan da ake gyara an yanke masa wuta ni ba ruwana, daga mota nake jan zarto da kwamfireso.

Don Allah kar wanda ya ɗauki waya ya cusa kai tsaye a soket ɗin bango ba tare da wancan makunnin ba, wutar tana komawa kan layin gari ta kashe ma'aikacin da ke kan falwaya yana gyara. Rai ne, a kira mai lasisi.

Sabis fa?

Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba bel. Taya ce abin lura saboda nauyi da ƙarfin fizga suna cin ta da wuri, sai ruwan birki da matatar iskar cikin mota. Batirin yana da garanti na shekara 8 ko mil 100,000, kuma garantin yana bin motar ko an sayar, shi ya ba ni ƙwarin gwiwar siyan ta hannu. Sati shida dai ba su isa in yi wa batir shaida ba, wannan sai an shekara.

Kawu ya ce in ta yi kyau a sako masa ɗaya a jirgin ruwa, ya huta da tsadar fetur

Kawu, Allah ya ƙara girma, na san tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 Hilux ɗinka take cin aljihu, kuma na so a ce amsata eh ce. Amma ka duba, batirin nan 131 kWh ne, da caja ta gida mai 7 kW sai ta yi awa 18 zuwa 19 tana sha kafin ta cika daga ƙasa, 'yan Band A, wato rukunin da ya fi kowa samun wuta a Najeriya, ne ma aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, unguwarku kuma ka fi ni sanin awa nawa kuke samu, in kuma da janareto za a caja ta to an koma gidan jiya, fetur ɗin dai za a saya. Sannan soket ɗinta na tsarin Amurka ne, volt 120 da 240 a kan 60 Hz (ma'aunin saurin bugun wuta), kayan gida kuma 230 ne a kan 50 Hz, wutar da nake yabo ba za ta zauna daidai da kayanka ba. In ta nuna wata alama a allo kuma, kwamfutar dila take nema, ba abin da za a kwance a Ƙofar Ruwa a gyara ba ne.

In har kana son shiga harkar caji, fara da sola mai ƙarfi a gidan gona tukunna, wadda za ta riƙe famfon ban ruwa da firiza, in ta zauna sai a yi maganar ƙaramar mota mai ƙaramin batir da za ta cika a yini ɗaya na rana, don zirga-zirgar cikin Kano da zuwa gona. In na zo hutun ƙarshen shekara in sha Allahu za mu zauna da takardar wutarka da lissafin man da kake sha a wata mu buga tare.