Allurar zaburar da ɓargo: tana ciyar da ciwon daji?

Sinadaran haɓaka ƙwayoyin jini saƙo ne da jiki ke aika wa ɓargo cewa ya ƙara himma. Biyu aka fi rubuta wa masu ciwon daji: filgrastim, mai maido da fararen ƙwayoyin jinin da kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji) ya kashe, da EPO, wanda asalinsa ƙoda ke fitarwa don ƙara jajayen ƙwayoyi.

Dangin majinyaci sukan tambaya: abin da ke sa ƙwayoyi hayayyafa, ba zai sa na dajin su ma su yaɗu ba? Tambayar tana kan hanya.

Filgrastim sai ya sami makama a jikin ƙwaya kafin ya yi tasiri. Ƙwayoyin sankarar jini nau'in AML suna da makamar, kuma a ɗakin gwaji an ga suna ƙaruwa idan an zuba musu shi, amma a jikin majinyata ba a ga cutar ta fi saurin dawowa ba. Inda ake samun matsala shi ne lokaci. Ba a yin allurar sai an cika awa 24 da yin kemo, domin kemo ƙwayoyi masu rabuwa yake farauta. Ka zaburar da ɓargo a ranar, ka miƙa shi ga kemo. Ma'aunin da aka saba maikirogiram 5 ne kan kowane kilo a rana, a ƙarƙashin fata, wato mai kilo 60 zai samu 300. Ciwon ƙashi a ƙugu ba abin mamaki ba ne. Wanda zai ɗauko ta daga Katsina zuwa Daura ya sa ta a kula, ya naɗe ta da ƙyalle kada ta taɓa ƙanƙara. Sanyin digiri 2 zuwa 8 take so, ga shi wutar lantarki ba tabbas.

EPO ne ya fi cancanci tsoron. A 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mai tsanani, bayan an ga dajin ya ci gaba ko kwana ya ragu a masu sankarar mama, huhu da ta kai da wuya. Yana kuma jawo daskarewar jini a jijiya. Shi ya sa ba a fara shi sai hemogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya sauka ƙasa da 10, kuma idan ana sa ran warkewa gaba ɗaya, gara a nemi mai ba da jini a yi ƙari.