Kiɗan Punk na Mawaƙa Mata

Punk reshe ne na kiɗan rok wanda ya taso a tsakiyar shekarun 1970 a biranen New York da Landan. Waƙoƙinsa gajeru ne masu sauri, ana kaɗa jita da ganguna da ƙarfi, mai waƙa kuma sau da yawa kamar ihu yake yi. Jigonsu ƙorafi ne kan masu mulki, zaman kashe wando da matsin al'umma. Mata sun shigo harkar tun tana jaririya, duk da cewa ƙungiyoyin maza irin su Ramones da Sex Pistols ne suka fi yin tashe.

A New York, Patti Smith ta fitar da faifanta Horses a 1975, inda ta haɗa rubutacciyar waƙa da rok. Ita da Debbie Harry ta ƙungiyar Blondie duk sun yi wasa a gidan rawa na CBGB. A Ingila kuwa, 1976 ce shekarar da abin ya barke. A cikinta aka kafa The Slits, ƙungiyar mata zalla a lokacin, wadda mawaƙiyarta Ari Up ba ta wuce shekara 14 ba. Faifansu Cut na 1979 ya gauraya punk da rege. A 1976 ɗin ce kuma Poly Styrene, wadda mahaifinta ɗan Somaliya ne, ta kafa ƙungiyar X-Ray Spex. Muryarta mai kaifi ce, kuma ta fi caccakar tallace-tallace da haukan sayen kaya. Cikin mawaƙan wancan zamani, da wuya a samu wadda waƙoƙinta suka ƙi tsufa kamar nata. Ta rasu a 2011.

Zango na biyu shi ne yunƙurin riot grrrl na mata masu kiɗan punk da ke fafutukar haƙƙin mata, wanda ya fara a farkon shekarun 1990 a garin Olympia na jihar Washington a Amurka. Ƙungiyar Bikini Kill, wadda Kathleen Hanna ke ja wa baki, ta yi waƙa kai tsaye kan cin zarafin mata, har takan nemi 'yan mata su matso gaban dandali. Bratmobile da Sleater-Kinney sun fito daga wannan da'ira. A yanzu akwai Big Joanie ta baƙaƙen mata a Landan, da Amyl and the Sniffers ta Ostareliya.

Mutumin Katsina ko Daura ba zai ga baƙon abu ba a mata su haɗa ƙungiya su faɗi abin da ke ransu ba kwana-kwana, domin Barmani Choge ta Funtuwa ta yi hakan da kiɗan ƙwarya. Kiɗan dai ya sha bamban ƙwarai.

Samun waɗannan waƙoƙi a wurin masu tura waƙa a waya abu ne mai wuya, saboda kayansu ya fi karkata ga waƙoƙin fim, na yabon Manzo da na mawaƙan Kudu. Sai dai intanet: YouTube, Bandcamp, ko Spotify da ta fara aiki a Najeriya a 2021. Rubuta "punk" kaɗai yakan kawo maza ne galibi, don haka ya fi a nemi sunan mawaƙiya, ko "riot grrrl", ko kamfanonin faifai irin su Rough Trade da Kill Rock Stars. Wasu waƙoƙin na ɗauke da ashar da kalamai masu nauyi, shi ya sa Spotify kan sa musu alamar E.