Zamiyar lema da zamiyar daji a kan dusar ƙanƙara

Zamiyar lema da zamiyar daji hanyoyi ne biyu na tafiya a kan dusar ƙanƙara a wajen filayen wasan da aka gyara. A filin da aka gyara akwai injin da ke daddale hanya, da kujerun igiya masu hawa da mutane kan dutse, da ma'aikatan ceto. A daji babu ko ɗaya. Mai zamiyar daji da ƙafarsa yake hawa, sannan ya zamo ƙasa. Mai zamiyar lema kuwa iska ce ke jansa, ta hanyar wata babbar lema da ke ɗaure a ƙugunsa. Dukansu suna tsayawa a kan dogayen alluna biyu da ake kira siki, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin duka biyun a yini guda. Abin da ya haɗa su shi ne iska: ita ce injin mai lema, ita ce kuma take tara dusar da ke zaftarewa ta binne mutane.

Asali

Matafiya ne suka fara, ba 'yan wasa ba. A 1888 Fridtjof Nansen na ƙasar Norwe ya ƙetare Girinlan da mutanensa, inda suka kafa ƙyalle a kan kekunan kayansu marasa taya don iska ta taimaka. A shekarun 1970 Bajamushe Dieter Strasilla ya yi ta gwajin jan mai siki da lemar sauka daga jirgi. Reinhold Messner da Arved Fuchs sun yi amfani da ƙyallen ja a ƙetaren nahiyar Antatika na 1989 zuwa 1990. Børge Ousland ya ƙetare nahiyar shi kaɗai a 1996 zuwa 1997, kilomita 2,845 cikin kwana 64, kuma lema ta ɗauke masa babban kaso na tafiyar. A 2010 Eric McNair-Landry da Sebastian Copeland sun yi kilomita 595 da lema cikin awa 24 a Girinlan.

A yau sanannun wuraren wasan sun haɗa da tudun Hardangervidda a Norwe, inda aka yi ta tseren lema na Red Bull Ragnarok kusa da Haugastøl, da mashigin Lautaret a Faransa mai tsayin mita 2,058, da tafkin Silvaplana a Suwizalan, da tafkin Mille Lacs a jihar Minnesota ta Amurka.

Lemar da kayanta

Lema iri biyu ce. Akwai mai aljihuna, wadda ƙyalle biyu ne aka ɗinke da rabe-rabe a tsakani, iska ta shiga ta bakin gaba ta kumbura ta. Akwai kuma mai bututu, wadda ake hurawa da famfo, irin ta masu wasa a teku. A kan dusa mai aljihuna ta fi dacewa: ba ta da nauyi, tana naɗuwa ta shiga jakar baya, mutum ɗaya na iya ta da ita ya kuma sauke ta. Mai bututu robarta kan bushe a tsananin sanyi, bakin hurawar ya tsage.

Igiyoyi huɗu ne, wani lokaci biyar, masu tsawon mita 20 zuwa 25. Biyu na tsakiya su ne ke ɗauke da ƙarfin ja, suna ratsa ramin da ke tsakiyar sandar tuƙi su maƙale a ƙugiyar ɗamarar ƙugu. Biyu na gefe suna ɗaure a bakunan sandar. In aka ja hannun dama lema ta juya dama. In aka jawo sandar kusa da jiki ƙarfi ya ƙaru, in aka tura ta gaba ya ragu. Hannu tuƙi kawai yake yi, ƙugu ne ke ɗaukar nauyin. A gaban ƙugiyar akwai jan maɓallin gaggawa; da an tura shi lema ta rasa siffarta ta faɗi tana rataye da igiya ɗaya. Dusa kan daskare a cikin wannan maɓalli, don haka ana gwada shi kafin kowace tashi, da safar hannu a hannu, tunda da ita za a taɓa shi ranar da ake buƙata.

Girman lema da murabba'in mita ake auna shi. Ɗan koyo kan fara da mai 2 ko 3. Mutum mai nauyin kilo 75 zai ɗauki mai 10 zuwa 12 a iska mai gudun kilomita 15 zuwa 25 a awa, ya koma mai 6 zuwa 8 in ta haura 30. Inda mutane ke ruɗuwa shi ne, ƙarfin ja ba ya tafiya daidai da gudun iska: in gudun ya ninka biyu, jan ya ninka huɗu. Iskar sanyi kuma ta fi nauyi. A digiri 20 ƙasa da sifiri ta fi ta digiri 20 sama da sifiri kauri da kusan kashi 15 cikin ɗari. Lemar da ta yi daidai da safe tana iya fin ƙarfin mai ita da azahar.

Tagar iska

Mai lema yana juya wa iska baya. Sararin da lema ke iya shawagi a gabansa kamar ɓarin ƙwarya ne da aka kife, ana kiransa tagar iska, kuma ana kwatanta shi da fuskar agogo: ƙarfe 12 saman kai, ƙarfe 9 hagu a ƙasa, ƙarfe 3 dama. A bakin tagar ja kaɗan ne. A tsakiyarta, kai tsaye inda iska ta nufa, nan ƙarfin yake duka.

Kafin tashi ana shimfiɗa lema a ƙasa, a danne gefenta na baya da dusa, a warware igiyoyi ana tafiya wajen da iska ke fitowa, ana ratsa su da yatsu don kada wata ta hau wata. In an ɗaura ta hagu a dama, lema za ta tashi ta yi kishiyar abin da aka umarce ta. A kan daskararren tafki ana murɗa ƙusar ƙanƙara a maƙale sandar kafin a sa siki. A iska mai laushi ana ta da lema daga tsakiyar taga. A mai ƙarfi daga gefe, in ba haka ba ta fizgi mutum ta ja shi da ciki.

Don fara tafiya ana sunkuyo da lema daga ƙarfe 12 zuwa wajen ƙarfe 2, ta ja, sannan a tsayar da ita a nan. Ana karkata baya, a kafa gefen siki cikin dusa. Wannan kafa gefen siki shi ke ba da damar tafiya a gicciye, har ma a riƙa cin gaba wajen da iska ke fitowa ta hanyar kai-da-komo. Wanda bai iya wannan ba, zai yi nisa cikin minti goma, ya dawo a ƙafa cikin awa biyu.

Hatsarin da ya fi muni shi ne ɗagawa sama. Yana faruwa in an bar lema a ƙarfe 12 iska ta bugo ba zato, musamman kusa da gangare inda take hawa sama. Shi ya sa ƙwararru ke ajiye ta ƙasa-ƙasa a gefe in suna tsaye. Bayan tudu ko layin bishiyoyi iska kan yi birgima, lema ta lanƙwashe ta faɗi, sannan ta buɗe da ƙarfi a tsakiyar taga. Igiya a miƙe tana yanka kamar reza, ba a naɗa ta a hannu. Hular kwano dole ce. A tafki ana son ƙanƙara garau mai kaurin akalla santimita 10. Farar ƙanƙara mai kumfa rabin ƙarfin wancan take da shi, kuma bakin rafi da ƙarƙashin gada kullum sun fi siranta.

Hawa da ƙafa

Mai zamiyar daji yana manna wani dogon ƙyalle mai gashi a ƙasan kowane siki. Ana ce masa fata, don da fatar dabbar teku ake yi a da. Yanzu gashin akuyar angora ne ko nailan ko haɗinsu. Gashin ya kwanta baya, saboda haka siki na zamewa gaba amma ba ya komawa. Maƙalin takalmi yana sakin diddige lokacin hawa, a kulle shi lokacin sauka. Irin mai ƙusoshi biyu a yatsu, wanda Fritz Barthel na Ostiriya ya ƙirƙira a shekarun 1980, shi ya fi yaɗuwa saboda rashin nauyi. Ana jan ƙafa ne, ba a ɗaga ta. Matsakaicin mutum na hawa tsayin mita 300 zuwa 400 a awa. Gam ɗin fata ba ya kamawa in ya jiƙe ko ya yi sanyi ƙwarai, don haka a saman dutse ana ninke ta a cusa cikin riga.

Zaftarewar dusa

Dusa ba dunƙule ɗaya ba ce, hawa-hawa take, kowace zuba da nata. In wani ƙaƙƙarfan hawa ya zauna a kan mai gari-gari, nauyin mutum ɗaya na iya karya na ƙasan, tsagar ta ruga mita ɗaruruwa, gangaren duka ya taho. Mafi yawan waɗanda abin ya rutsa da su, su ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da shi. Yawanci yana faruwa a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, daidai wanda ya fi daɗin sauka.

Iska tana kwashe dusa daga gefen da take bugawa ta jibge ta a bayan tudu, kamar yadda take tara yashi a bayan katanga, ta kuma daddale ta ta zama faifai. A nan mai lema yake cikin haɗari na musamman. Ranar da ta fi masa kyau ita ce ranar da ake gina wannan faifan, kuma lema na kai shi cikin minti kaɗan inda mai ƙafa zai yi awa yana hawa yana duba ƙasa. Alamomin su ne sabuwar zaftarewa a kusa, tsaga da ke gudu daga bakin siki, da wani ƙara "wuf" a ƙarƙashin ƙafa, wato hawan ƙasa ya rufta.

Ƙasashen Turai sun amince da ma'aunin haɗari mai mataki 5 a 1993. Cibiyar binciken dusa ta SLF da ke Davos ce ke fitar da hasashen wannan haɗari a Suwizalan, a Norwe kuma shafin Varsom. Kusan rabin mace-mace a mataki na 3 suke aukuwa, ba na 5 ba, domin a na 3 mutane ba sa fasa fita.

Kowa na ɗauke da abu uku: na'urar sigina da ke aiki a kan kilohaz 457, wadda ke aika sigina kuma take iya neman ta wanda dusa ta binne, a ɗaure a jiki ƙarƙashin riga, sandar zungura mai haɗe-haɗe ta santimita 240 ko fiye, da shebur na ƙarfe, don na roba kan karye. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko, fiye da kashi 90 cikin ɗari yana rayuwa; bayan minti 35 abin ya koma wajen kashi 30, saboda numfashi ya ƙare. Jirgin ceto ba ya isowa cikin wannan lokaci, abokan tafiya ne za su yi aikin. Kowa ya mayar da na'urarsa kan nema, don wanda ya manta tasa tana aikawa zai ɓatar da sauran. A nisanta waya da ita da rabin mita. In lambar nisa da na'urar ke nunawa ta kai mafi ƙanƙanta a fara zungura, tazarar santimita 25. In sanda ta taɓa mutum a bar ta a tsaye, a fara haƙa daga ƙasan gangare ana nufo ta, kada a tsaya a kansa. Haƙar ita ce ke cin lokaci: mutumin da ke zurfin mita ɗaya sai an kwashe fiye da tan guda na dusa. Shi ya sa a gangaren da ake shakka ake sauka ɗaya bayan ɗaya.

Sanyi da ɓata

Digiri 20 ƙasa da sifiri da iska mai kilomita 30 a awa, jiki na jin sa kamar 33 ƙasa da sifiri, kuma hanci da kunci na iya daskarewa cikin rabin awa. Farin tabo a fata shi ne alama. Ana ɗumama shi da tafin hannu, ba a murzawa. Auduga ba ta da amfani, tana riƙe gumi. Ulu ake sawa a jiki. A fili irin Hardangervidda guguwa kan haɗe sama da ƙasa su zama fari ɗaya, mutum ya kasa sanin ko tafiya yake ko tsaye. Ƙungiyar matafiya ta Norwe, DNT, wadda aka kafa a 1868, tana kafa rassan itace a jere tsakanin bukkokinta don a bi. Batir na mutuwa da wuri a sanyi, don haka taswira da kamfas ba a barin su. Tudun Hardangervidda gida ne ga garken barewar ƙanƙara ta daji mafi girma a Turai, wadda lema ke firgitawa daga nesa a lokacin da abincinta ya yi ƙaranci, saboda haka ana buƙatar mai lema ya sauke ta ya kauce in ya hango garke.