Tsaftace sabuwar bindigar hannu kafin harbin farko

Tsaftace sabuwar bindigar hannu aiki ne da masu ƙera makamai da malaman harbi ke so a yi kafin a ɗura mata harsashi karo na farko. An fi sanin wannan al'ada a Amurka, inda farar hula ke sayen ƙananan bindigogi a shago bisa doka. A Najeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallakarsu sai da lasisin shugaban ƙasa.

Sabuwar bindiga ba ta fitowa daga masana'anta fes, kamar yadda mai saye kan zata. Man da ake shafe ta da shi na ajiya ne, aikinsa hana tsatsa a watannin da za ta yi a sito ko a jirgin ruwa. Yana da kauri da danƙo, yana kama ƙura, kuma idan ya daɗe yakan daskare. Ban da shi akan tarar da ɓurɓushin ƙarfe da ya rage daga ƙira, da baƙin albarushi, domin yawancin bindigogi sai an gwada harba su kafin a sayar. A ƙasashen da ke ƙarƙashin CIP, hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da gwajin bindigogi, wadda aka kafa a birnin Liège na Beljiyam a 1914, wannan gwaji wajibi ne, kuma ana buga wa bindigar hatimi bayansa.

Inda aka fi shan wahala shi ne tsofaffin bindigogin soja da aka adana ba a taɓa harba su ba, irin su Tokarev da Makarov na tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Akan same su dumu-dumu da wani giris mai ruwan ƙasa, wanda Amurkawa ke kira Cosmoline, sunan da ya samo asali daga kayan kamfanin Houghton na Philadelphia. Goge shi da tsumma kaɗai ba ya isa, sai an narkar da shi da ɗumi ko da sinadari. Idan ya maƙale a ramin allurar da ke dukan gindin harsashi, bindiga na iya ƙin tashi, ko kuma allurar ta cije a gaba ta tayar da harsashi ba a taɓa kunama ba.

Matakin farko shi ne a cire gidan harsasai, a ja murfin sama baya, a duba cikin da ido da yatsa, a kuma fitar da duk harsashi daga ɗakin da ake aikin. Ba tsoro ne ya kawo wannan ba: bindigogin Glock, na kamfanin Ostiriya, sai an danna kunama kafin a kwance su, kuma a nan ne masu gaggawa ke harbin kansu. Daga nan sai a raba ta manyan sassa, wato gangar jiki, murfi, bututu da sifirin, ba tare da an shiga ƙananan kayan ciki ba.

Bututu ne ke cin lokaci. Ana tura burushin tagulla da ƙyalle mai sinadari da sanda daga gindi zuwa baki, don kada sandar ta ci leɓen bututun, wanda daidaiton harbi ya dogara a kansa. Ana maimaitawa har ƙyalle ya fito fari, sannan a busar, a ɗaga shi ga haske. Idan abu ya toshe bututu, ko da giris ne mai yawa, harbi na iya kumbura shi ko ya fasa shi. Cikin sinadaran da suka yi suna akwai Hoppe's No. 9, wanda Frank Hoppe ya haɗa a 1903, da Ballistol na Jamus na 1904.

Wajen sa sabon mai, kuskuren sabon shiga shi ne yawaitawa. Ɗigo kaɗan a layukan da murfi ke zamewa da bayan bututu ya wadatar, ramin allura kuwa a bushe ake barinsa. Akwai togaciya guda da kan ba mutane mamaki: sabuwar Glock tana zuwa da wani giris mai launin jan ƙarfe a cikin murfinta, kuma kamfanin ya ce a bar shi ya ƙare da kansa. Shi ya sa littafin da ke cikin akwatin ya fi shawarar abokai.

Bayan an sake haɗa bindigar, ana gwada motsin murfi da kunama da makullin kariya ba harsashi. Wasu kamfanoni na ƙara da lokacin da bindigar za ta saba da aiki; Kahr, alal misali, na son a harba harsashi 200 kafin a dogara da bindigar.