Trieste (jirgin nutso)

Trieste jirgin nutso ne na bincike, wanda ya fara kai ɗan Adam wuri mafi zurfi da aka sani a teku, ranar 23 ga Janairu, 1960. Masanin kimiyya Auguste Piccard, ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya tsara shi, ɗansa Jacques yana taya shi. An ƙera shi a Italiya, aka saka shi a ruwa a 1953, ya kuma ci sunan birnin Trieste.

Asali

Da sama Piccard ya fara. A 1931 ya tashi da balan-balan har ya wuce mita 15,000, yana zaune cikin rufaffen ɗaki mai siffar ƙwallo. Wannan dabarar ce ya kifar ya mayar cikin teku. Jirginsa na farko, FNRS-2, an gwada shi a 1948.

Ƙira

Jirgin kashi biyu ne. A sama akwai doguwar tanki mai tsawon kusan mita 18, cike da fetur wajen lita 85,000. Ba don tuƙa inji aka zuba fetur ɗin ba. Fetur bai kai ruwa nauyi ba, kuma matsi ba ya tauye shi kamar yadda yake tauye iska, saboda haka shi ke ɗauke da jirgin, kamar gora a hannun masunci. An bar kafa a ƙasan tankin, idan fetur ya ɗan matse sai ruwan teku ya shiga ya cike gurbin. Da yake matsin ciki da na waje ɗaya ne, bangon tankin bai buƙaci kauri ba.

A ƙarƙashinsa aka rataye ƙwallon ƙarfe da mutum biyu ke shiga da ƙyar. Shi kaɗai ke shan matsin teku, wanda a can ƙasa ya haura tan ɗaya a kan wurin da bai fi farcen yatsa faɗi ba. Tagarsa ta roba ce mai gani-garau, an yanke ta mai tsukakken baki ta ciki, yadda matsi zai ƙara dasa ta a mazauninta.

Inda hikimar ta fi fitowa shi ne wajen dawowa. Jirgin yana ɗauke da tan 9 na ƙananan dunƙulen ƙarfe a rumbuna biyu, maganaɗisun lantarki ne ke toshe bakinsu. Matuƙi na yanke wuta, ƙarfen zai zube, jirgin ya yi sama. Ko batir ne ya mutu, abin da zai faru ke nan: lalacewar da ake tsoro ita za ta dawo da mutanen.

Nutson 1960

Sojojin ruwan Amurka sun sayi jirgin a 1958 kan dala 250,000, aka sa masa sabon ƙwallo da kamfanin Krupp na Jamus ya ƙera, mai kaurin bango santimita 12.7. Jacques Piccard da Laftana Don Walsh suka shiga da shi ramin Challenger, wato wurin nan mafi zurfi, da ke kwazazzabon Mariana, kudu maso yammacin tsibirin Guam. Saukar ta ci awa 4 da minti 47. Wajen mita 9,000 suka ji wata ƙara ta girgiza jirgin, ashe tagar hanyar shiga ce ta tsage. Suka ci gaba. Sun yi kimanin minti 20 a ƙasa, laka ta turnuƙe har ba su samu hoto ba, sannan suka hauro cikin awa 3 da minti 15.

Da farko an ce zurfin mita 11,521 ne, daga baya aka gyara zuwa kusan 10,916. Jacques Piccard ya ce ya ga kifi a wurin. Masana halittun teku da yawa ba su yarda ba.

Bayan haka

A 1963 jirgin ya gano tarkacen Thresher, jirgin yaƙin ƙarƙashin teku na Amurka da ya nutse. Daga baya aka ajiye shi a gidan tarihin sojojin ruwa a Washinton. Ba wanda ya sake sauka ramin Challenger har sai 2012, lokacin da James Cameron, mai shirya fina-finai, ya sauka.