Bibiyar motsin dabbobin gwaji da kyamara

Bibiyar motsin dabbobin gwaji da kyamara hanya ce ta auna zirga-zirgar ɓera, kifi ko ƙuda a ɗakin bincike ba tare da mutum ya tsaya a kansu da agogo da biro ba. Ana rataye kyamara a saman akwatin gwaji, tana ɗaukar hoto kamar 25 ko 30 a daƙiƙa guda, manhaja kuma ta ware dabbar daga daɓen da take kai, ta bi tsakiyar jikinta. Da haka ake samun nisan da ta ci, da saurinta, da daɗewarta a kowane lungu.

Gwaje-gwajen kansu sun girmi na'urar. Tun 1934 masanin halayya Calvin Hall ya fito da gwajin buɗaɗɗen fili, inda a yau ake duba ko ɓera ya manne wa bango don tsoro, ko ya saki jiki ya ratsa tsakiya. A 1981 masanin ƙwaƙwalwa Richard Morris ya kawo gwajin kwatamin ruwa: ɓera na iyo yana neman ɗan dandamalin da aka ɓoye masa ƙarƙashin ruwa, a ga ko zai tuna wurin. Ƙirga irin wannan da ido akwai gajiya, kuma zuciyar mai ƙirga kan karkata ga sakamakon da yake fata.

Cikin manhajojin da aka sani akwai EthoVision ta kamfanin Noldus na Holan. DeepLabCut, wadda ta fito a 2018 kuma kyauta ce, ta wuce nan: ana nuna mata hanci, kunne, tafin ƙafa da gindin wutsiya a wasu hotuna, sauran kuma ta gane su da kanta.

A Sakkwato, masu bincike a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kan gwada tsirran maganin gargajiya a kan fararen ɓerayen gwaji da ake kira Wistar, kuma wannan hanya ta dace da aikin ƙwarai. Sai dai tana da sharaɗi. Farin ɓera sai da daɓe mai duhu, in ba haka ba manhaja ta rasa shi. Haske dole ya tsaya yadda yake, domin in an ɗauke wuta aka koma janareta, inuwa kan sauya, har manhaja ta ɗauki inuwar a matsayin dabba. Zafin Afrilu, da kan haura digiri 40, yana sa ɓera ya lafe, mai bincike ya zaci magani ne ya kwantar da shi. Don haka wajibi ne a rubuta zafin ɗaki da lokacin gwaji tare da kowane bidiyo.